Mai Dukan Ƙasa

Ba zan taɓa mantawa da wata yammar Asabar ta bazarar bara ba, ko da kuwa na so in manta. Ranar ce na tsaya a tsakiyar mutanen gari guda, riƙe da sanda mai kan ƙarfe, ina roƙon Allah da dukkan zuciyata Ya ba ni ikon bugun wata 'yar ƙwallo da ba ta kai ƙwan kaza girma ba. Na yi addu'o'i a rayuwata, ta jarrabawa, ta neman aure, ta ranar da matata ke naƙudar fari, amma ban taɓa yin wadda ta fito daga can ƙasan cikina kamar ta ranar nan ba. Kuma ba a amsa min ita yadda na roƙa ba. (Alhamdu lillahi da hakan, amma bari in bi da ku a hankali.)

Ni mutumin Jega ne, ina aikin ofis a wata makaranta a Aliero, irin aikin nan na zaman kujera da ke sa tumbi ya riga mai shi isa bakin tebur. Likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, in ban riƙa motsa jiki ba zan ga abin da ba na so. Da labarin ya kai kunnen yayan matata, Yaya Nasiru, tsohon soja da ya yi ritaya a Kaduna, sai ya ce magani na hannunsa. Wata ziyara da muka kai masa ya ɗauke ni zuwa filin da suke wasan golf, wanda 'yan rediyo ke kira ƙwallon lambu. Ciyawa kore shar, manyan mutane na tafiya a hankali suna magana ƙasa-ƙasa. Ya ɗora ƙwallo a kan wani ɗan tsinken roba, ya miƙo min sanda ya ce in buga. Na runtse ido na kai duka. Sai na ji wani sauti, ƙas, kamar an ɓare sabon goro, ƙwallon ta miƙe sama har na daina ganin ta. Yaya Nasiru ya cire hularsa ya ce, "Kai, Baban Abba! Ashe baiwa gare ka muka bar ka kana zaman ofis?"

Wannan kalma ta baiwa ita ta jawo min komai. Ya haɗa ni da tsohuwar jakarsa, doguwa baƙa, cike da sanduna da ƙwallaye, na dawo Jega ina jin kaina wani abu. To amma ina filin wasan a nan? Babu. Na yi ta yawo a babur har na samu wani fako can bayan Jandutsi, kusa da wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba (sun san ni, ya isa haka). Wurin ba a noma shi, kuma ba hanyar mutanen gari ba ce, wata 'yar siririyar hanya ce kawai ta ratsa gefensa zuwa ruga. Na haƙa rami na binne gwangwanin tumatir, na kafa kara a ciki, na ɗaura masa wani tsohon jan ɗankwalin matata Hajara. Ban gaida kowa ba, ban nemi izinin kowa ba. A tunanina wa zai damu da fako?

Duk Asabar bayan la'asar ina can. Kuma ina yin komai yadda na gani a bidiyon waya, ba na ragewa. In sa safar hannu guda ɗaya a hagu. In ɗebi ƙasa in watsa sama in ga inda iska ta nufa. In taka daga tuta zuwa wurin bugu ina ƙirga sawu. In ware ƙafa, in ɗan karkaɗa ƙugu, in jingina wayata a jikin dutse tana ɗaukata, don in duba kurakuraina in na koma gida. Abu ɗaya ne kawai bidiyon bai iya koya min ba, shi ne samun ƙwallon. Wani lokaci in kai duka sanda ta wuce ta samanta, ƙwallon na zaune ko gezau. Wani lokaci in sari ƙasa har hannuna ya yi tsami. In kuwa na same ta, sai ta yi dama ta shige sarƙaƙiya, in ƙare yammata ina cire ƙaya daga wando. Na lallashe ta, na zage ta, akwai ranar da na durƙusa na tambaye ta abin da na yi mata. Rani biyu ina wannan hali, sautin nan na Kaduna bai sake dawowa ba ko sau ɗaya.

Hajara ba ta taɓa ɓoye ra'ayinta ba. Duk sanda ta ga ina ɗaure jakar a bayan babur sai ta ce, "Baban Abba, don girman Allah ka kai ƙarafan ga maƙera su yi muna wuƙaƙe. Likita tafiya yac ce ka yi, bai ce ka tai daji kana faɗa da ƙasa ba." Ni kuwa in ce mata ba ta san wasan manya ba ne.

Ina da abin kafa hujja kuwa, domin ina da 'yar kallo. Wata tsohuwar Bafillata ce mai tallar nono, Goggo Daso, da ke bi ta hanyar nan in ta taso daga gari za ta ruga. Takan sauke ƙwaryarta ta tsaya ta daɗe tana kallona, ta dafe haɓa. In na gaji sai ta yafuto ni, ta zuba min ɗan nonon da ya rage, in na sa hannu aljihu ta girgiza kai ta ce, "A'a, sha abinka, ɗana. Allah shi sawwaƙe." Ni duk zatona bugun nawa take yi wa addu'a. Har na taɓa ce wa Hajara, "Kin gani, tsohuwar da ba ta taɓa ganin talabijin ba ta san abu mai daraja in ta gan shi."

Safiyar Asabar ɗin da nake ba ku labari, na zauna na kalli bidiyoyin nan tun daga na farko har na ƙarshe. Wallahi ban ga bambanci ba, sai dai riga da ke canjawa. Wani ƙaton mutum mai tumbi yana ta sarar ƙasa yana surutu shi kaɗai. Raina ya ɓaci, na ji na tsani sandunan, na tsani kaina, na ɗan tsani Yaya Nasiru ma. Na yanke shawara: na bari. Zan je yau in tone gwangwanina, in cire tutata, in an samu mai zuwa Kaduna in aika wa mai kaya kayansa. Ban gaya wa Hajara ba, don ban shirya ganin murmushin nasararta ba tukuna.

Akwai abin da ya kamata in faɗa a nan. Lokacin nan hankalin mutane ba a kwance yake ba. Kullum a majalisa labarin ɗaya ne, an ga baƙin fuska a babura a wuri kaza, an ce akwai masu kai wa ɓarayin daji rahoton gari, wa ke da shanu, wace hanya ce ba a tsaro. Ƙauyuka da yawa daga nan har wajen Maiyama sun kafa 'yan sintiri. Duk na san wannan, da bakina ma nake tofa albarkacin bakina a majalisar. Amma ko sau ɗaya ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda mutum mai doguwar baƙar jaka a bayan babur yake a idon wanda bai san shi ba.

Na isa fakon, na jingina waya a dutse don in ɗauki bugun ban kwana, na buga, na sari ƙasa kamar kullum, na ce shi ke nan, na mayar da sandar cikin jaka. Ina durƙushe ina tonon gwangwanin sai na ji murya a bayana.

"Kak ka motsa."

Na juyo da kai a hankali. Maza huɗu ne, biyu da bindigar toka, biyu da gora, rigunansu duk layu. Na gabansu wani dogo ne baƙi mai jajayen idanu, wanda daga baya na ji ana kiran sa Mamman Dogo. Bakin bindigarsa na kallon tsakiyar bayana.

"Mi kaka binnewa nan?"

"Ba binnewa nikai ba," na ce, muryata kamar ba tawa ba. "Tonewa nikai."

"To wa yab binne?"

"Ni na."

Suka dubi juna. (Da a jarrabawa ne, wannan amsa ita ake kira faɗuwa warwas.) Ya nuna babur da haɓa. "Mi na cikin jikkar can?" Na ce sanduna ne. Ɗaya daga cikinsu ya matsa a hankali ya zunguri jakar da gora, ƙarafan ciki suka yi ƙara, kwacam. Gaba ɗayansu suka ja da baya, bindiga ta biyu ma ta tashi. Na ɗaga hannuwana sama, ɗaya da safa ɗaya babu, na fara kalmar shahada a bayyane.

Ba su buɗe jakar a nan ba. Suka ɗauki wayata, suka tuge tutar, suka sa ni gaba ina tura babur zuwa cikin gari. Tafiyar ba ta da nisa, amma ban taɓa yin mai tsawonta ba. Kafin mu kai gidajen farko labari ya riga mu. Na ji wata mata na ƙwala wa 'ya'yanta kira su shigo gida. Na ji wani na cewa, "An kama guda!" Wani ya amsa, "Infoma na, mai kai ma ɓarayi rahoto." Maza na fitowa daga lunguna, wani da fartanya, wani da taɓarya, ba mai ihu, kowa binmu kawai yake yi. Wannan shirun shi ya fi tsorata ni. Duk labaran da na taɓa ji na abin da taro ke yi wa mutum kafin hukuma ta iso suka dawo min ɗaya bayan ɗaya. Na tuna ɗana Abba, na tuna ban yi masa sallama ba da zan fito.

Maigari na zaune a kan tabarma a ƙarƙashin dogonyaro a ƙofar gidansa, dattijo ne siriri mai farin gemu da carbi a hannu. Aka durƙusar da ni gabansa. Mamman Dogo ya kwance jakar da kansa, ya kife ta. Sanduna suka zube, ƙwallaye suka gangara, mutane suka yi tsalle suna kauce musu. Da aka ga babu bindiga na ɗan samu numfashi, amma bai daɗe ba. Wani ya ce ƙarafan na ɓalle kwaɗon ƙofa ne. Wani ya ce fararen abubuwan nan a yi hankali da su, ya ji ana cewa akwai masu fashewa. Sannan aka buɗe wayata.

Ni fa duk tsawon lokacin nan kaina kawai nake kallo a bidiyon. Ban taɓa lura da abin da ke bayana ba. Ashe ƙauyen ne gaba ɗaya a shimfiɗe, rumbunansa, hanyar shiga, garken shanu, komai tas. Ga ni kuma a gaba ina takawa daga jar tuta ina ƙirga sawu da ƙarfi.

"Ranka shi daɗe, ga shi nan shina awon tazara," in ji Mamman Dogo. "Ba yau yaf fara ba."

Na ce ni ma'aikaci ne, aka ce ina katin shaida, na laluba, yana aljihun rigar ofis a gida. Na ambaci sunan limamin unguwarmu, Maigari ya ce Jega da nisa kuma rana ta yi ƙasa. Wani dattijo ya ce a kira 'yan sanda. Sai wani matashi daga baya ya ce, "In an kai shi can, gobe a sako shi." Mutane da yawa suka yi gunaguni na yarda. Wannan magana ita ta firgita ni fiye da bindigar.

Na fara bayani, kalmomi na tuntuɓe da juna. Na ce wasa ne, ranka ya daɗe, manyan mutane ke yin sa a Kaduna, ni ma rani biyu ke nan ina yin sa. Ramin nan da tutar nan, nan ake son ƙwallon ta faɗa. Ana aje ta a ƙasa, a buge ta da sandar nan, ta tashi sama ta yi nisa. Maigari ya ce, nisa kamar ina? Sai bakina, wanda bai taɓa shawara da ni ba a lokacin da ya dace, ya ce, "Tana wuce kukar can." Kukar kuwa tana can bayan gari, da ƙyar ake hango kanta.

Maigari ya dubi kukar, ya dubi 'yar ƙwallon, ya ja carbinsa.

"To ai magana ta zo da sauƙi, Malam. Tashi ka buga mu gani. In wasa na, kowa ya gani da idonai."

"In ko ba ta tashi ba," in ji Mamman Dogo, bai ƙarasa ba. Ba sai ya ƙarasa ba.

Aka buɗe min hanya tsakanin jama'a, bango biyu na mutane har zuwa bakin gari. Na kafa tsinken, na ɗora ƙwallon, ta faɗo, na sake ɗorawa. Na gyara safata. Saboda sabo, ban san lokacin da na duƙa na ɗebi ƙasa na watsa sama ba. Mutane suka ja da baya, wata murya ta ce, "A'uzu billahi!" Na ware ƙafa. Na karkaɗa ƙugu (wallahi ban yi niyya ba, jiki ne ya saba). A nan ne na yi addu'ar da na gaya muku. Na ce ya Allah, sau ɗaya tak, irin na Kaduna, in Ka ba ni wannan ba zan sake taɓa sandar nan ba har abada.

Na kai duka da dukkan ƙarfina. Sanda ta yi fuu a iska, ta juya da ni har na ba kukar baya ina fuskantar Maigari. Ƙwallon na nan inda na aje ta.

Na ce gwaji ne, haka ake farawa. Na sake tsayawa, gumi na shigar min ido. Na kai na biyu. Wannan karon na samu ƙasa sosai, wani gungumen hoge ya tashi ya tarwatse a kan tabarmar Maigari. Ya sa hannu ya kakkaɓe rigarsa a hankali. A na uku sanda ta shafi kan ƙwallon, ta gangara a hankali, ta yi 'yan taku, ta tsaya gaban wata kaza. Kazar ta karkata kai ta dube ta, ta wuce abinta.

Da an yi dariya da na ji sauƙi. Ba wanda ya yi.

"Ranka shi daɗe, ka gani," in ji Mamman Dogo. "Mutumen da yac ce rani biyu shina wanga wasa. Akwai wanda za shi rani biyu shina abu guda bai iya ba? Ko jaki aka koya ma hanya rani biyu ai ya gane ta."

Ku yarda da ni, ina cikin tsoron mutuwa, amma sai da maganar nan ta yi min zafi daban. Domin tambayar da na yi wa kaina ke nan da safe. Na ga wani ya fito daga zaure da igiya, irin ta ɗaure shanu. Na ji fitsari na neman hanya. Na rufe ido.

"Kai! Kai! Ku bar bawan Allah!"

Muryar tsohuwa ce, tana ratsa taron da gwiwar hannu, ƙwarya a ka. Goggo Daso. Ban taɓa murnar ganin ɗan Adam kamar yadda na yi murnar ganin ta ba. Na ce a raina, yauwa, ga wadda ta san wasan, yanzu za ta gaya musu ni ɗan wasa ne.

Ta sauke ƙwarya ta gaida Maigari, ta nuna ni. "Maigari, wanga ai mai dukan ƙasa na. Kowa rugga ya san shi. Duk Assabar shina zuwa fako shi yi ta dukan ƙasa hab bisa ta taho gida daga kiwo. Shi yi magana da ɗan ƙwan nan, shi roƙe shi, shi zage shi. Ran nan da idona nig ga ya durƙusa mai. Shi watsa ƙasa sama, shi yi rawa da baya. Amma ba shi taɓa kowa, ko akuya bai taɓa kora ba. Mun hana ɗiyanmu jihwa tai. Ni ka ba shi nono sadaka." Ta kama hannuna na hagu ta ɗaga sama don kowa ya gani. "Ku duba. Mai hankali na sa safa guda?"

Sadaka. Ashe duk nonon nan da na sha ina jin kaina gwani, ladar ciyar da mahaukaci tsohuwar ke nema.

Na ji taron ya sauya kamar an zuba wa wuta ruwa. Wata mata daga bayan danga ta ce, "Allah sarki, ga shi da ƙiba tai kamar mai lahiya." Wani ya ce dama shi tun da ya ga rawar ƙugun ya yi zargi. Mai igiya ya mayar da hannunsa baya. Amma Mamman Dogo bai sauke bindiga ba, idonsa na kaina. Maigari ya sunkuyo ya tausasa murya.

"Malam, gaya min gaskiya. Ana yi maka magani?"

To ga ni nan. Ina da digiri. Ina da ofis da sunana a ƙofa, ɗalibai na rusuna min. In na ce lafiyata lau, mun koma kan bidiyo da igiya. In na ce eh, na zama abin da Goggo ta ce. Na dubi igiyar, na dubi Mamman Dogo. Sai na taka a hankali zuwa inda ƙwallon take, na durƙusa, na ɗauke ta, na share mata ƙura da bakin rigata, na ce mata da murya mai taushi yadda kowa zai ji:

"Tashi mu tai gida, kin ji? Mutanen ga ba su son mu."

Wannan ne abin da ya fi komai ba ni kunya a rayuwata, kuma ban taɓa yin abin da ya yi aiki da sauri kamarsa ba. Mamman Dogo ya sauke bindiga ya ce, "Subhanallahi. Yahe muna, bawan Allah." Aka kawo min ruwa a kwanon sha. Waɗanda suka zo da taɓare su suka bi suna tsinto min ƙwallaye. Aka goge bidiyoyin, aka maido min waya, aka ma maido min da jan ɗankwalin a ninke.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Maigari ya ce ba zai yiwu a bar marar lafiya ya hau babur shi kaɗai ba. Mamman Dogo ya karɓi makulli, ya goya ni a bayan babur ɗina, jakar a tsakaninmu, yana ta ce min in riƙe shi da kyau. Haka muka shigo Jega ana shirin magariba, muka wuce ta gaban majalisarmu, abokaina duk suna zaune. Ya tsaya a ƙofar gidana ya yi sallama. Hajara ta zo bayan ƙyauren zaure, ya ba ta labari tas, har da igiya. Ya rufe da cewa, "Maigari ya ce a gaya ma iyalinai, kak ku hana mai. Irin wanga ciwo in an tsai da shi da ƙarhi ƙaruwa shikai. Fakon nan nashi na, mu ka tsaron shi duk Assabar."

Da ya tafi, Hajara ta zauna a tsakar gida ta yi kuka sosai, tana taɓa kafaɗata kamar tana tabbatarwa ni ne. Sannan ta tambaye ni abin da na ce wa ƙwallon. Da na maimaita, kukan ya rikiɗe, ta yi dariya har ta kwanta a tabarma. Na bari ta gama, na ce to ta kwantar da hankalinta, burinta ya cika, dama yau na je ne in yi ban kwana da wasan. Na bari har abada.

Ta tashi zaune ta share ido. "A'a, Baban Abba. Ba ka bari."

Na ce kamar yaya?

"In ba su gan ka Assabar ba, mi za su ce? Mahaukaci ya warke ranar da anka kama shi? Mutumen ga ya san ƙohwar gidanmu yanzu."

Gaskiyarta ne. Asabar ta gaba da hannunta ta wanke min safar, ta shanya, ta miƙo min.

To haka nake har yau. Ina zuwa, ina saran ƙasa, Goggo Daso na ba ni nono ina karɓa da hannu biyu. In 'yan sintiri sun biyo, Mamman Dogo ya ɗago hannu ya ce, "Ya jiki?" in ce da sauƙi. Waya kuwa na daina kafa ta. Abin mamaki, likita ya ce jinina ya sauka.

Kwanakin baya ne abin ya faru. Na aje ƙwallo ba tare da tunanin komai ba, tunda ba mai jiran komai daga gare ni, har ni kaina. Na kai duka. Ƙas. Sautin Kaduna. Ta tashi, ta miƙe ɗoɗar, ta yi sama har ta zama ɗigo, ta sauka can ta gangara ta kwanta dab da jar tuta. Abin da na daɗe ina nema. Wani daɗi ya taso min daga ƙafa har maƙogwaro, na buɗe baki zan yi ihu, sai na hango Mamman Dogo a kan hanya, ya tsayar da kekensa, ya juyo yana neman inda ƙarar ta fito. Daɗin ya koma ciki, tsoron ranar nan ya dawo sabo fil. Na ɗaga sanda na shiga dukan ƙasa ba ƙwallo ba komai, ina yi mata faɗa. Ya daɗe yana kallo, ya girgiza kai ya ce, "Allah shi ƙara sauƙi," ya taka kekensa. Sai da ya ɓace na je na tsaya kan ƙwallon ni kaɗai. Da na gaya wa Yaya Nasiru a waya, cewa ya yi in turo bidiyo.

Abin da na koya, ban da cewa mutum ya gaida Maigari kafin ya kafa tuta a bayan garin mutane, shi ne duk abin da za ka kasa, ka kasa shi a fili inda tsofaffi masu wucewa za su shaida. Ban san ranar da iyawa ta taɓa cetona ba, amma rashin iyawa ya maido ni gida da raina. Addu'ata ma ta canja yanzu. In na ware ƙafa na karkaɗa ƙugu, cewa nake, ya Allah Ka sa ta tashi, amma Ka sa ba kowa a hanya.